Tayoyin da Ba Sa Jin Rana

Duk wanda ya ce maka Malam Maje mai faci da aljanu yake aiki, ka ce masa Isyaku mai taya ya ce ƙarya yake yi. Shekara ashirin da uku rumfata tana jingine da tasa a bakin titin Zariya, nan Gyadi-Gyadi. Kwano ɗaya muke ci, sahu ɗaya muke tsayawa, ban taɓa ganin ko laya ɗaya a jikinsa ba, Allah ya jiƙansa. Amma in ka tambaye ni yadda yake sanin abin da yake sani, to nan kam ba ni da amsa, kuma kada ka dame ni.

Mutumin Garko ne. Ya shigo Kano shekarar da aka koma tuƙin dama, ya yi dako, ya yi leburanci, daga baya ya zauna wajen wani Bayarabe ya koyi faci. Gajere ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, kuma magana a wurinsa sai ka ce saye yake yi. Yana da bahon ruwa irin na kowane mai faci, wanda ake tsoma taya a ga inda iska ke fita, amma nasa kaji ne kawai ke amfana da shi. In ka kawo masa taya, tafin hannunsa zai ɗora a kanta, ya runtse ido, wani lokaci ya kara kunne. Sai ka ga ya miƙa yatsa ya ce, "Nan." Kuma nan ɗin ne. Direbobin bas na Unguwa Uku suna tsokanarsa da Likita, shi kuwa ko murmushi ba ya yi musu.

Ni sana'ata tayoyin gwanjo ne, waɗanda Turawa suka yi amfani da su aka kwaso mana ta Ikko. Duk ranar da aka sauke min kaya, Malam Maje zai taso ba tare da na kira shi ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Cikin hamsin sai ya zare ɗaya, ya ce, "Wannan ta ga jini." Ya gangara da ita bayan rumfarsa, gindin darbejiya, ya ɗora a kan 'yan'uwanta. Haba! Kayana ne fa. Mun sha yin faɗa a kan haka, wato ni na yi ta faɗa shi yana kallona. Wata rana zuciya ta ɗebe ni, na je na ɗauko wadda ya ware, lafiyayya ƙalau, na juya ta ina dubawa don in ƙaryata shi. A gefenta, inda waya ta ɗan ɓullo, na ga gutsuren gilashi ya nutse a roba, da wani dogon gashi ja-ja, irin wanda ba na mutanenmu ba, ya nannaɗe a wayar. Na mayar da ita inda na ɗauko, na wanke hannuna har sau uku. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, awakin unguwa da ke bin kowace inuwa da rana, ba su taɓa kwanciya a gindin darbejiyar nan ba.

Gidansa a Unguwar Gano yake, shi da matarsa Kulu. 'Yarsu ta fari ita ce Huraira. To ka san mutanen da, musamman na ƙauye, da kunyar ɗan fari. Malam Maje bai taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun ranar da aka raɗa mata shi. "Waccan" yake cewa, ko "yarinyar gidan". In ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. Amma ni na san irin son da yake yi mata, don ni nake raka shi kasuwa sayen littattafanta, yana yi kamar na 'yar maƙwabta ne. Ta yi karatu har ta zama malamar makaranta, ta auri wanda take so, Faruk, ɗan wani ma'aikacin gwamnati a Tarauni. Yaro ne mai ladabi, wallahi, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Aibinsa ɗaya, son a gan shi.

Sai kunya ta zama biyu, ga ta 'yar fari ga ta suruki. In Faruk ya zo gaisuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Malam Maje ya kau da kai ya ce, "Lafiya lau, madalla." Shi ke nan hira ta ƙare. Shekara huɗu ana haka. Faruk bai taɓa kai masa taya ba, don ina shi ina sa surukinsa ya tsuguna a gindin motarsa? Ni yake kawo wa, ya ba ni mukulli ya tafi. Ni kuma in gangara da ita rumfar Malam. Kowa ya san hannun da ke yin aikin, ba wanda ya taɓa faɗa.

Ana nan sai ga shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, alif ɗari tara da casa'in da tara. Gari ya cika da fastoci, har jikin tayoyina sai da aka manna min hoton wani. Ubangidan Faruk na siyasa ya ci kujerar majalisa, ya yi masa kyautar mota daga Kwatano. Kai, ka ga mota! Ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa har kaza ba za ta iya shiga ƙarƙashinta ba. Irin ta tsere ce. In ya taka ta a titin Kotu, 'yan acaɓa har tsayawa suke yi su bi ta da kallo. Tayoyin da ta zo da su sun cinye, ga shi ranar Asabar ashirin da tara ga Mayu za a rantsar da farar hula a Abuja, kuma Faruk ya ƙudurta da ita zai je, shi da matarsa.

Tayar irin wannan mota ba a kowace rumfa ake samunta ba, faffaɗa ce kuma gajera. Na yi ta cigiya har na haɗa kashi biyu, huɗu-huɗu. Ranar Talata da safe na shimfiɗa masa su a ƙasa ya zaɓa.

Kashi na farko zanensu ba zurfi, layuka ne manya guda uku da faffaɗar kafaɗa, robar da tauri. Wanda bai sani ba zai ce sun kusa yin sanƙo, alhali haka aka ƙera su. Tayoyin gudu ne a kan busasshiyar kwalta mai zafi, zafin ma shi ke sa su kama hanya. Kashi na biyu kuwa, tubarkalla! Baƙaƙe ƙirin, zane mai zurfi har yatsa na shiga, an yi musu 'yan tsage-tsage ƙanana ko'ina kamar aikin wanzami. A garin nan kowa da zurfin zane yake auna taya, daga direban tasi har Alhaji. Ba wanda ke tambayar ƙasar da aka yi wa ita.

Na ce masa, "Faruk, na farkon nan su ne na motarka." Amma da rabin baki na faɗa, ban ɓoye maka ba.

Ya taka ɗaya da ƙafa ya yi dariya. "Haba Kawu Isyaku! Abuja fa za ni. A gaban manyan mutane zan ajiye mota da tayoyi masu sanƙo? Waɗannan za a sa." Ya nuna baƙaƙen, ya miƙa min mukulli, ya hau acaɓa ya tafi don kada ya ga wanda zai ɗaura.

Sai da azahar ta kusa Malam Maje ya samu sarari ya taso. Ka tuna ƙarshen bazara ne, ruwa bai sauka ba. Ranar nan ko sufanar kwance taya ka bari a waje ba ka iya ɗaukarta da hannu, kuma tayoyin nan tun hantsi suke kwance a tsakiyar rana. Ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan ta farko. Sai na ga ya fizge hannun kamar ya taɓa kunama. Ya sake ɗorawa a hankali, ya bi sauran ukun, ya daɗe a kan ta ƙarshe.

"Isyaku, taɓa."

Na taɓa. Wallahi tallahi sanyi ƙalau, kamar gindin randa, har da danshi. Na taɓa ɗaya daga cikin waɗanda Faruk ya ƙi, tana gefensu, ta kusa ƙona ni. Malam ya danna farcen babban yatsansa a zanen, farcen ya nutse, shaidar ta zauna ba ta koma ba.

Ya ce, "Waɗannan ba na ƙasar rana ba ne. An yi su ne don inda ruwa ke daskarewa a kan hanya. In suka ji kwaltar nan da gudu, daga ciki za su nuna." Ya dubi tafinsa. "Kuma ba su gama tafiyar da suka fara ba."

"Wace tafiya kuma, Malam?"

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce shi hannunsa ba zai ɗaura su ba. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ƙi aiki ba sai ranar. "Ka gaya wa mutumin Tarauni ya sa waɗancan."

Na ce, "Kai ka gaya masa mana! Da la'asar zai zo."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya koma rumfarsa.

Nan ne nawa laifin, kuma ba sai wani ya tuna min ba. Da Faruk ya zo, maimakon in ce masa surukinka ya ce tayoyin nan kashe ka za su yi, sai na tsaya gyaran zance. Wa zai kalli ɗan boko ya ce masa taya tana da sanyi? Na ce, "Baba yana ganin kamar waɗancan za su fi jure hanya."

Faruk ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. "Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tsofaffi da tsoron gudu! Ka ce masa a hankali zan tafi. A sa baƙaƙen, Kawu."

Na kira Rabi'u, wani mai faci da ke tsallaken titi, ya ɗaura su. Shi bai ji komai ba, waƙa ma yake yi. Bayan motar ta tafi na dubi inda tayoyin suka kwanta, sai ga zobe huɗu na danshi a ƙasa. Ƙasar da in ka zubar da buta guda, kafin ka juya ta shanye. Zobban nan suna nan ranar Laraba, suna nan ranar Alhamis. Na watsa musu yashi, danshin ya ɓullo ta saman yashin.

Malam Maje bai yi aiki ba a kwanakin nan. Direbobi su zo su tarar da shi zaune ya zuba wa titi ido, su gaji su tsallaka wajen Rabi'u. Ya aiki Kulu wajen 'yarta. Huraira ta gaya wa mijinta, shi kuma ya ce an riga an ɗaura, kada Baba ya damu. Da yammacin Alhamis na ga Malam ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya kama hanyar Tarauni a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, yau za a yi ta ta ƙare. Kafin magariba ya dawo. Ashe ya je har ƙofar gidan, ya tsaya a tsallake yana kallon motar, ya kasa yin sallama. Gidan suruki ne.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, wace irin kunya ce wannan? Rai fa ake magana! In ka san abin da ka sani, ka buɗe baki mana!"

Ya ce, "Ubana har ya mutu bai taɓa haɗa ido da mijin yayata ba. Ban san ta inda ake farawa ba, Isyaku." Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka biyo, don ta gabanmu hanyar Abuja ta wuce. Lokacin nan rana ta take, kwalta har wani ƙyalli take yi daga nesa. Faruk ya tsayar da motar gaban rumfata ya ce in duba masa iska. Huraira tana zaune a ciki da sabon mayafi, fuskarta cike da murna, ba ta taɓa zuwa Abuja ba. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, ina wuni? Za mu wuce." Faruk ya fito ya tuɓe takalmi a kan ƙasar nan mai ƙuna, ya durƙusa daga nesa kamar kullum.

Na tsuguna na kafa ma'aunin iska. Daga Tarauni suka taho a kan kwaltar nan, ƙarfen wilin ma ba ya taɓuwa. Robar kuwa tana nan da sanyinta.

Malam Maje ya amsa gaisuwa, fuskarsa a bango. Kowa na jiran ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai ce ba. Faruk ya ɗan jira, sannan ya tashi ya sa takalminsa, ya shiga mota ya tayar.

"Huraira!"

Ban san muryar ba da farko. Na waiga na ga Malam a tsaye. Mai rake da ke gefenmu ya tsaya da wuƙa a hannu, direbobin da ke shan inuwa suka yi tsit, don kowa a wurin ya san abin da ya ji.

"Huraira, fito."

Shekararta ashirin da shida ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. Ba ta tambayi dalili ba. Ta buɗe ƙofa ta fito, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a mota, ta zo ta tsaya a bayansa tana kuka ba sauti.

Faruk bai ja motar ba. Injin na aiki, hannunsa a kan sitiyari, kansa a sunkuye. Ya fi minti guda a haka. Na ga Malam ya juya wajensa, karo na farko a shekara huɗu, na ga leɓɓansa suna motsi. Sai kuma wuyansa ya karkace a hankali, fuskarsa ta koma bango. Yaron nan me zai ɗauka? An cire masa mata daga mota a bakin titi, a gaban jama'a, ba a ce masa ci kanka ba. Na ga idanunsa sun yi ja. Ya ce da ni a hankali, "Kawu, don Allah a kai ta gida." Ni ma ina tsaye dab da tagar, mukullin yana inda hannuna zai kai, na tsaya riƙe da ma'aunin iska kamar gunki. Ya ɗauki hanya, kuma ba a hankali ba.

Kafin a kira magariba wani direban bas mai suna Mu'azu, da ya taho daga Zariya, ya tsaya a gabanmu bai ko kashe mota ba. Gaba kaɗan da Kwanar Ɗangora, in ji shi, tayar gaba ta fashe, jar motar ta yi ta juyi har cikin gona. Ya ce robar ta saluɓe daga jikin waya, ta bi kwalta tsawon wurin. Faruk ko shurawa bai yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Washegari kowace rediyo a Kano tana ta taken ƙasa da rantsuwa, mu muna maƙabartar Tarauni.

Daga nan sunan Malam Maje ya fita. Aka ce waliyyi ne, ya hango mutuwa ya zare 'yarsa daga bakinta. Har daga Wudil mutane ke kawo masa taya don ya shafa kawai. Bai ƙara shafa ko ɗaya ba. Ya wanke bahon nan ya cika shi da ruwa, ya koma tsoma taya yana neman kumfa kamar kowa, a haka ya yi sauran shekarunsa shida. In an yaba masa sai ya tashi ya bar wurin. Ni kuwa tun daga ranar duk tayar da ta shigo rumfata sai na danna mata farce, in ta nutse, ko uban wa ya zaɓe ta ba na sayarwa. Daga baya wani injiniya ya tabbatar min cewa tayoyin ƙanƙara ne, laushinsu ke sa su ci kansu a zafi. Na ce na ji wannan, sanyin fa? Ya ce ƙila a inuwa na ajiye su. Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri.

Da Huraira ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ta zo rumfar da tsakar rana. Ba ta tako wurin ba tun ranar. Ta rame, ta yi baƙi. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta durƙusa a gaban mahaifinta, yana riƙe da wata taya a cikin baho.

Ta ce, "Baba, ka kira ni, na fito. Shi ma da ka kira shi, fitowa zai yi. Ina kallonsa, kai yake jira."

Malam Maje ya saki tayar ta nutse. Wannan karon bai juya wa bango ba, ita ya kalla, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Na kira shi. Sau uku na kira shi. Bakin ne bai buɗe ba."